Yaro Ya Ƙi Ci, Ya Ƙi Barci: Laifin Wa?

Duk ɗalibin da ya taɓa yin hutu a gidan wansa ko yayarsa masu aikin gwamnati ya san irin yaƙin da ake gwabzawa daga magariba zuwa ƙarfe goma na dare. Uwa ta taso daga ofis a gajiye, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta ajiye gaban ɗan shekara uku, shi kuwa gogan ya ture kwanon ya ce atafau sai Indomie. A lallasa, a yi tsawa, a ɗauko tsumagiya. Da an gama wannan sai kuma rigimar kwanciya: ƙishirwa yake ji, fitsari zai yi, sauro ya cije shi. Waɗansunmu sun riga sun yi iyali, sauran kuwa suna hanya, saboda haka maganar nan tamu ce.

A ganinmu yaran yanzu ba su fi na da taurin kai ba. Gidan ne ya sake. Yawancinmu mun tashi a babban gida, inda akwai kaka da goggo da matan baffanni. Yara kan ci a akushi ɗaya, wanda ya tsaya yanga ya tarar an suɗe. Da dare kuma kaka ta shimfiɗa tabarma ta kawo labarin Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe kowa. Yau kuwa ma'aikaci yana zaune a ɗaki biyu na haya a Kaduna ko Abuja, mace ɗaya ke ɗauke da aikin da mata biyar suka saba rabawa. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Amma gajiya ba za ta wanke dabarun da ake fakewa da su ba. Ta farko ita ce ɗura, watau a danne yaro, a toshe masa hanci, a kwarara masa koko. Yaron da ke kuka yana jan numfashi, kokon na iya bin hanyar iska ya sauka huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari ko ma ajali. Ta biyu ita ce ba yaro maganin mura ko na tari don kawai ya yi barci. Mu tuna a shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Yaya za mu koya wa ɗan yaye cewa barci daga kwalba yake fitowa? Ta uku ita ce miƙa masa waya ya yi shiru. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ɗan shekara ɗaya ya zauna kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Wani zai ce, "Ai mu ma ɗura aka yi mana, ga mu a jami'a." Gaskiya ne, sai dai waɗanda ɗurar ta kai kushewa ba su nan balle su ba da shaida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma yara 57 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Talauci ne babban dalili, amma a ƙasar da haka take bai kamata gidan da ke da abinci ya sa yaro ya tsani kwano ba.

Maganin ba ya bukatar kuɗi. Cikin yaro ƙarami ne, sai a zuba masa kaɗan, sau uku ko huɗu a yini, a daina cika shi da biskit da lemo gab da cin tuwo. In ya ƙi, a ɗauke ba tare da faɗa ba, gobe a sake kawowa. A tsayar masa da lokacin kwanciya bayan isha'i, domin ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13, har da na rana. A bar tsorata shi da dodo, don wanda aka cika wa duhu da dodanni ba zai yarda ya kwana cikinsa ba.

Sauran magana tana kanmu maza. Maigidan da ke majalisa ko gidan kallon ƙwallo har sha ɗayan dare, ya dawo yana tambayar me ya hana yaro barci, shi ne ya kamata ya amsa. Tun da mu muka raba matanmu da kaka da goggo, lalle mu cike gurbinsu, mu zauna mu ci tare da yaran, mu koyi tatsuniya ko da guda uku ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu biyu. Allah ya shirya mana zuriya.