Daga ofishin leƙen asiri zuwa gaban allo

Tun da darussan nazarin tsaro suka fara yawaita a manyan makarantunmu, akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakaninmu malamai: wa ya cancanci ya koyar da su? Wasu na ganin babu kamar tsohon soja, musamman wanda ya yi aikin leƙen asiri, domin shi ya ga abin da idonsa. Wasu kuma na cewa aji ba bariki ba ne. Ni dai duk lokacin da zancen ya taso mutum guda nake tunawa, kuma na san sunan ƙasarsa kaɗai ya isa ya sa wasu masu karatu su ɗaure fuska. Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe.

Sunansa Yehoshafat Harkabi, an haife shi a Haifa a 1921. Ya karanta falsafa da adabin Larabci a Jami'ar Ibraniyawa ta birnin Ƙudus, ya yi yaƙin 1948, kuma yana cikin tawagar Isra'ila da ta je tsibirin Rodos a 1949 domin tattauna tsagaita wuta. A 1955 aka naɗa shi shugaban sashen leƙen asirin soja, wanda suke kira Aman, bayan abin kunyar da ya ci wanda ya gada, wato shirin dasa bama-bamai a Alƙahira da Iskandariyya da asirinsa ya tonu a 1954. Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake kawo masa. A zamaninsa ne aka kashe Mustafa Hafiz, shugaban leƙen asirin sojan Masar a Gaza, da bam ɗin da aka ƙunshe cikin saƙo a Yulin 1956, kuma yana kan kujerar aka yi yaƙin Suwez a ƙarshen wannan shekarar.

Faɗuwarsa ta zo ta inda ba a zata ba. Daren 1 ga Afrilu 1959 rediyon gwamnati ya karanta kalmomin sirri na kiran sojojin da ke gida cikin shirin ko-ta-kwana, ba tare da an shaida wa jama'a cewa gwaji ne kawai ba. Mutane suka firgita, rundunonin maƙwabta suka ɗaura ɗamara. Aka yi bincike, aka sauke Harkabi da Janar Meir Zorea. Bai kai shekara arba'in ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne dalilin wannan rubutu. Bai nemi a ba shi aji saboda taurarin kafaɗarsa ba, komawa ya yi ɗalibi. Ya je Harvard ya karanta harkar mulki, ya dawo ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan yadda Larabawa ke kallon Isra'ila, daga jaridunsu da jawaban shugabanninsu da littattafan makarantunsu, abubuwan da kowa zai iya nema ya karanta ya ƙaryata shi in ya ga kuskure. Daga nan ya zama farfesa a fannin dangantakar ƙasa da ƙasa a jami'ar da ta yaye shi. Sakamakon bincikensa na farko ya yi wa gwamnati daɗi ƙwarai. Shi ne ya yi sharhi sakin layi bayan sakin layi a kan kundin aƙidar ƙungiyar 'yantar da Falasɗinu ta PLO, yana nuna cewa manufarta kawar da Isra'ila ce, kuma jami'an diflomasiyyar ƙasarsa sun daɗe suna kafa hujja da aikinsa.

Sai ga shi mutumin nan ya sauya. Bayan Anwar Sadat ya je Ƙudus a Nuwamban 1977, Harkabi ya ci gaba da karanta abin da Larabawa ke rubutawa, ya ga maganarsu tana canzawa, alhali ta mutanensa ce ke ƙara tauri. A farkon shekarun 1980 ya fitar da littafi a kan tawayen Bar Kokhba, wanda ya jagoranci Yahudawa suka yi wa daular Rum bore a shekara ta 132 miladiyya. Yaran Isra'ila suna tashi da labarinsa a matsayin gwarzo. Harkabi ya ce a'a, shugaba ne da ya shiga yaƙin da babu lissafin da ke nuna zai ci, ya jawo wa al'ummarsa halaka. Kowa ya gane da masu mulkin zamaninsa yake. A 1988, ana tsakiyar boren Falasɗinawa na farko, littafinsa Israel's Fateful Hour ya fito da Turanci, inda ya nemi a tattauna da PLO, a janye daga Gaɓar Yamma da Gaza, a amince da ƙasar Falasɗinu. A lokacin doka ta haramta wa ɗan Isra'ila ganawa da wakilan ƙungiyar. Bai kuma ce tausayi ne ya motsa shi ba. Lissafi ya yi na yawan jama'a da tsadar mamaya, ya ga riƙe yankunan zai fi sakinsu muni ga ƙasarsa.

A ganina ba sirrin da ya fito da shi daga ofis ne ya sa ya zama malamin kirki ba, ƙa'idar aji ce ta gyara masa tunani. A ofishin leƙen asiri kana iya rufe bakin ƙaramin jami'i da cewa akwai abin da bai sani ba. A gaban ɗalibai da abokan aiki babu wannan mafaka, sai ka ajiye hujjarka a fili. Aman ɗin da ya bari ta nuna illar rufaffen tunani a Oktoban 1973: bayanai sun yi ta shigowa cewa Masar da Siriya na shirin kai hari, amma shugabanta Eli Zeira da mutanensa sun riga sun yanke cewa ba za su kuskura ba. Kwamitin Agranat ya ɗora musu laifi. Akwai kuma wani bambanci da ba a cika faɗa ba. An horar da jami'in leƙen asiri ya zura wa abokin gaba ido, ba a ba shi izinin auna hankalin shugabanninsa ba. Malamin tsaron ƙasa kuwa, in bai auna ɓangarorin biyu ba, rabin darasi ya koyar.

Wannan ne ma'aunin da nake so mu riƙe a nan gida. Muna da Kwalejin Tsaro ta Ƙasa a Abuja, da makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, da cibiyar Kuru, da Jami'ar Sojan Ƙasa ta Biu da aka kafa a 2018, ga kuma tarin hafsoshi da suka yi ritaya bayan shekaru a fagen daga na Arewa maso Gabas. Asara ce babba a bar abin da suka sani ya bi su kabari. Amma wanda zai riƙe alli a cikinsu, a nemi ya rubuta, a kai rubutun gaban masu tantancewa kamar na kowa, kuma ya yarda ɗalibar aji biyu ta tambaye shi daga ina ya samo wannan adadi. In amsarsa a kullum ita ce dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta ɗaure masa baki, to a gayyace shi ya ba da lacca sau ɗaya a zango, a bar masa girmansa, kada a ba shi kundin ɗalibi ya duba.

Ba kuma ina cewa kujerar farfesa tana sa a saurari mutum ba ne. An ba Harkabi babbar lambar yabo ta ƙasarsa a 1993, shekarar da Yitzhak Rabin da Yasir Arafat suka gaisa a Washington bayan yarjejeniyar Oslo. Ya rasu a Agustan 1994. A Nuwamban 1995 wani Bayahude mai tsattsauran ra'ayi ya harbe Rabin, kuma a yau Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma, yankin da ya ce a saki, sun haura rabin miliyan.