RA'AYINMU: A Bar Waya Ta Yi Ta Kuka Har A Tsaya

A wannan fitowa mun ga ya dace mu ajiye zancen gini da na baiko tukuna, mu ɗauko wata magana da ake ganin ƙarama ce, alhali tana kai mutane kabari. Maganar waya ce a hannun mai tuƙi.

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar majami'a ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada zai ga abin da muke nufi. Dattijo ya kwashi iyalinsa da 'ya'yan maƙwabta, kafin ya fita daga haraba ya riga ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa. Matashi ya hau mashin, hannu ɗaya a kan totur, ɗayan yana latsa saƙo. Direban bas ɗin ikkilisiya, da mata cike a bayansa suna waƙa, yana amsa kiran shugabar zumunta mai tambayar ko sun wuce Kawo. Waɗannan ba baƙi ba ne. Mu ne, har da masu rubuta wannan shafi.

Wayar GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, kuma ba mai musun amfanin da ta yi mana. Amma tun ba a je ko'ina ba gwamnati ta lura da abin da take jawowa a kan hanya. Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007, wato hukumar da muke kira Rod Sefti, wadda aka kafa tun 1988, ta sa amfani da waya yayin tuƙi cikin jerin laifuffuka, da tarar naira 4,000. Ƙa'idojin hanya na ƙasa na 2012 sun sake jaddada hanin. A 2017 kuma, zamanin da Boboye Oyeyemi yake shugabancin hukumar, aka sanar cewa daga 1 ga Yuli wanda aka kama da wasu laifuffuka, ciki har da wannan, za a tura shi asibiti a duba lafiyar tunaninsa. Mutane sun yi ta dariya a lokacin. Mu kam da muka zauna muka yi tunani, ba mu ga abin dariya ba. Wane irin hankali ne zai sa mutum ya sunkuyar da kai yana rubutu, ga ƙarfe mai nauyin tan guda yana gudu da shi a tsakiyar jama'a? A nan jiha ma akwai jami'an KASTLEA a shataletale da mahaɗar tituna, saboda haka ba wanda zai ce bai san akwai doka ba.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na makarantar firamare. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya kawar da ido na daƙiƙa 3 kawai don ya ga sunan mai kira, motar ta yi tafiyar mita 50 ba mai dubanta. Idan saƙo yake karantawa, ya ɗauki daƙiƙa 6, ta ci tsawon filin ƙwallon Ahmadu Bello kenan daga raga zuwa raga, kusan ido rufe. Yanzu ku ɗora wannan tsawon a kan titin Ali Akilu da yamma, ko gaban Kasuwar Gumi, ko hanyar Mando inda tireloli suke, ku ƙirga yara masu tsallakawa, masu talla, masu keke napep da suke tsayawa ba sigina. Tun da aka sake gina gadar Kawo aka buɗe ta a 2022, aka kuma faɗaɗa tituna da dama a cikin gari, gudu ya ƙaru. Cunkoson da muke kuka da shi a dā, ashe yana rufa wa masu waya asiri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari wajen sau 4. Ta kuma ce sa abin sauraro a kunne bai rage haɗarin sosai ba, gama ba hannu kaɗai waya take ɗaukewa ba, har da hankali. Wannan ya kamata ya shiga kunnen masu ce mana, “Ai ni ba na riƙe ta.” Mutumin da ake gaya masa a waya cewa an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, idonsa yana kan titi, amma shi ba ya kan titin. A gafarce mu da kalmar, Hausawa sun riga sun faɗa, ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Ƙididdigar Rod Sefti ta nuna mutum sama da 5,000 sun mutu a hanyoyin ƙasar nan a 2023, haka kuma a 2024. Ba mu ce duk waya ce ta kashe su ba. Gudun wuce kima ne kan gaba. Amma gudu da waya in sun haɗu, birki ba ya samun lokacin yin aikinsa.

Akwai abin da ya sa wannan magana ta shafe mu fiye da yadda muke zato. Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 yawancin membobinmu suka koma ƙetaren kogi, Sabon Tasha, Narayi, Barnawa, Television, Unguwar Romi, amma majami'unsu suna nan arewa inda iyayensu suka gina su. Kowace Lahadi, kowace ranar addu'a ko koyon waƙa, sai an haye gada a zo, a haye a koma. Ikkilisiyar da a dā ake zuwanta da ƙafa ta zama ikkilisiyar mota da mashin. Kuma a cikin shekarun nan waya ta zama igiyar da ta ɗaure mu da juna. Da an ji ƙishin-ƙishin a gari, abu na farko shi ne a kira wanda yake waje. “Kana ina? Kada ka bi ta can. Ka iso?” Ƙauna ce take sa a yi kiran, mun sani. Amma ku duba wanda ake kira: yana kan sitiyari, gabansa yana faɗuwa, ƙafarsa ta ƙara taka mota, ga kira na biyu yana shigowa a kan na farko, ga saƙonnin WhatsApp da ba wanda ya tabbatar da gaskiyarsu. Sau nawa jita-jitar take zama ƙarya? Haɗarin da za ta jawo kuwa ba ƙarya ba ne.

Sai mu faɗi ɗaya ɓangaren, ko da yake ba shi da daɗin ji. Garinmu gari ne da ƙaramin abu yake iya zama babba. Idan mota ta buge yaro a Unguwar Sarki ko Badarawa, jama'a suka taru suka tarar direba da waya a hannu, baƙin cikin iyaye ɗaya ne ko wane ne direban, kuma suna da gaskiya su yi fushi. Amma duk mun san akwai masu jiran irin wannan dama su fara tambayar sunan direba da inda yake sujada. Dattawanmu da malaman unguwanni sun sha wahala shekara da shekaru kafin a samu zaman da ake yi yanzu. Bai kamata saƙon “ina nan tafe” ya rushe wannan aiki ba. Ɗan maƙwabcinmu Musulmi da yake tsallaka titi amana ne a hannunmu daidai da ɗanmu da yake kujerar baya.

Wasu za su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ko su ce sun yi addu'a kafin su tashi. Muna addu'ar tafiya, za mu kuma ci gaba da yi. Sai dai ba a koya mana mu roƙi kariya da baki, mu jarraba Allah da hannu ba. Wanda ya ce amin sannan ya ɗauko waya, shi ya warware addu'arsa.

Iyayenmu fastoci, da girmamawa muke wannan magana. Mun san wayarku ba ta hutawa: ga mara lafiya, ga rasuwa, ga ma'aurata da suka saɓa, kuma membobi suna jin haushi in ba a ɗauka ba. Amma matasa suna kallonku. In Baba Fasto yana tuƙi yana waya, ba wa'azin da zai hana yaron ƙungiyar mawaƙa yin haka a kan mashin. Mu membobi kuma sai mu rage ƙorafi. In ka kira Baba sau ɗaya bai ɗauka ba, kada ka jera kira biyar. Mai yiwuwa yana kan hanya ne zuwa gidan wani mai irin damuwarka. Haka matan aure da mazajensu. Rashin ɗaukar waya ba raini ba ne, ba kuma alamar ɓoye-ɓoye ba.

Ga hukuma ma muna da magana. A 2007 naira 4,000 kuɗi ne, gama mafi ƙarancin albashi bai kai naira 8,000 ba. A 2024 an mai da shi naira 70,000. Tarar da aka yanka a wancan zamani ba za ta tsorata mai motar yau ba, sai dai talaka mai keke napep. Ingila ta hana riƙe waya a tuƙi tun 2003, da ta ga abin bai ragu yadda ake so ba sai ta ninka hukuncin a 2017 zuwa fam 200 da maki 6 a kan lasin, wanda ya isa a ƙwace lasin sabon direba. Abin da yake gyara hali shi ne mutum ya tabbata za a kama shi ko wane ne shi. In ana tare mai tsohuwar mota, mai baƙin gilashi yana wucewa da waya a kunne ana sara masa, doka ta zama abin wasa. Mu kuma in an kama ɗayanmu da gaskiya, ya karɓi takarda ya je ya biya, ya riƙe rasit. Kada ya miƙa na goro, kada kuma ya kira wani babba a ikkilisiya ya roƙa masa. Dattijon da aka kira don irin wannan roƙo, muna shawartarsa ya ce a'a.

Masu mashin da keke fa? Su ne jikinsu yake jikin mota. Holan, ƙasar da keke ya yi yawa ƙwarai, ta hana riƙe waya a kan keke tun Yulin 2019, Japan kuma ta tsananta nata hukuncin a Nuwamban 2024 har da ɗauri. A nan ba mu taɓa ganin an tare yaro mai keke don waya ba, saboda haka aikin ya rage ga iyaye da malaman makarantar Lahadi. Fasinja ma yana da baki. In mai keke napep ya ɗauko waya, ki ce masa, “Malam, don Allah tsaya ka gama, ko ka sauke ni.” Kuɗinki ne, ranki ne.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan magana a zamanta na gaba, tun kafin tafiye-tafiyen taron zumunta da na Kirsimati. Motar ikkilisiya kada ta tashi sai an naɗa mutum ɗaya a kujerar gaba wanda zai riƙe wayar direba ya riƙa amsawa, kuma lambarsa ce za a ba waɗanda suka rage a gida. Direban da ya ƙi, a karɓi makulli, ko da ɗan wane ne. Jami'an Rod Sefti sukan je majami'u da masallatai su yi wa jama'a bayani. Sakatare ya rubuta wa ofishinsu na Kaduna ya nemi a ba su minti 15 bayan sanarwa. A kuma rubuta lambarsu ta gaggawa, 122, a allon sanarwa da cikin kowace motar ikkilisiya, kusa da inda mai riƙe wayar zai zauna.