Kafin Ku Sayo Na'ura, Ku Leƙo Ajinmu Na Dare

Zuwa ga shugabannin tashar kaya ta tsandauri da ke Kakuri, da masu sito-sito da kamfanonin jigilar kaya na kudancin Kaduna.

Ranku ya daɗe,

Ni malami ne a wani ajin manya da ke zama da daddare a Sabon Tasha, ko Sabo kamar yadda muke cewa a nan. A cikin ɗalibaina akwai 'yan dako, akwai masu tsaron sito, akwai yaran mota, akwai matan da ke gyaran citta. Da yawansu a ƙarƙashinku suke cin abinci. Da rana suna Kakuri, da dare su zo su zauna a kan bencin da 'ya'yansu suka tashi a kai. Dominsu na ɗauki alƙalami.

Zancen na'ura ya fara yawo a bakinsu. Wannan ya ce an kawo musu abin da ake haska kwali da shi lamba ta fito a kwamfuta, wancan ya ce ya ji manaja yana maganar bel mai jan kaya. Ba na cikin masu cewa kada ku saya. Tun ranar 4 ga Janairun 2018, da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar Kakuri, kowa ya san kwantenar da za a tantance a Kaduna maimakon tashar jiragen ruwa ta Apapa ta fi ƙarfin lissafin biro da littafin makaranta. Duniya ma can ta dosa. Kamfanin Amazon ya sayi Kiva, masu ƙera mutum-mutumin sito, a 2012 kan dala miliyan 775, kuma a 2025 ya sanar cewa mutum-mutuminsa sun kai miliyan ɗaya. Abin da nake roƙo shi ne, ranar da za ku zauna tsara yadda na'urar za ta shigo, ku ajiye wa masu ɗaukar kayan kujera a teburin.

Ga dalilina. Wani dare darasin lissafi ya ƙi shiga, kowa ya gaji, sai na ce kowa ya zana mini siton da yake aiki a bayan littafinsa: ƙofa, inda tirela ke tsayawa, inda ake jibge kaya. Ajin da ke gyangyaɗi ya kaure da gardama. Wani ya nuna kusurwar da ruwa ke kwanciya duk watan Agusta, ya ce duk abin da aka ajiye a nan sai ya yi fumfuna. Wani ya ce daɓen siton nasu ya lotsa a tsakiya, har baro sai an ci ƙarfi yake wucewa, balle na'ura mai ƙananan tayoyi. Wata baiwar Allah ta ce buhun cittar da ke zuwa ta hanyar Kachia, nauyinsa ranar da aka sauke daban, bayan kwanaki daban, domin tana ci gaba da bushewa. Idan kwamfuta ta riƙe nauyin farko, to a ƙarshen wata mai tsaron sito ne za a kira ɓarawo. Wannan maganar ta tsaya mini. Ban taɓa ganinta a takardar tallan kowace na'ura ba, ga shi ta fito daga bakin matar da sai bara ta iya rubuta sunanta.

Dattijon ajin ne ya rufe zancen. Ya yi shekaru yana kula da injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Ya ce shi ba ruwan sama yake tsoro ba, ƙurar hunturu yake tsoro, domin ya ga yadda take shiga inji ta kwantar da shi, kuma duk na'urar da ke aiki da ido, hazo zai makantar da ita in ba a sa mai gogewa ba. Sai ya tambaya: in Nepa ta ɗauke wuta kaya suna tsakiyar bel, wa zai sauke su kafin a tada janareto?

Ku dubi mutumin nan da kyau. Kakuri ba baƙon inji ba ne. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai da ke gaba da mu ta buɗe a 1980. Da KTL ta tsaya a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, mutanen da suka san kukan inji kamar kukan ɗansu suka watsu cikin Sabo da Unguwar Television da Unguwar Romi, wasu suka koma acaɓa, wasu gadi, wasu dako. Takarda ce ba su da ita. Sanin inji yana nan a kunnensu da tafin hannunsu, kuma wasunsu a sitonku suke yanzu, ana aikensu sayen ruwan leda.

Kada ku ɗauka Turawa sun tsira. A Yulin 2021 mutum-mutumi uku suka yi karo a babban siton kamfanin Ocado da ke Erith a Ingila, wuta ta tashi, aka soke dubban odar masu saye. Can fa ba a ɗauke wuta, ba hunturu irin namu.

Saboda haka ku fara da abin da ba ya burge baƙo. A gyara daɓe, a sa wa kowace kanta lamba, a daina jibge buhu a ƙasa. Sannan ku zaɓo mutum biyar ko shida daga cikin masu zuwa ajin dare, ku ba su taswirar siton da jerin abin da kuke shirin saya, su yi mako biyu suna ƙirga zirga-zirgarsu, inda kaya ke cushewa, da lokacin da tirela ke ɓatawa a jira. A biya su wannan lokaci kamar yadda za ku biya ɗan kwangilar da zai zo daga Legas, ko da kuɗin bai kai nasa ba. Kuma zaman ya kasance da Hausa. A Sabo akwai Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Ibo da Yarbawa, amma a bakin tirela Hausa ce ke haɗa su. In aka yi taron da Turanci, kowa zai gyaɗa kai ya tashi da abin da ya sani a cikinsa.

Batun kuɗin horo ba sabon nauyi ba ne. Kamfanonin da doka ta hau kansu suna zuba wa asusun horar da ma'aikata na ITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, kuma wanda ya horar da mutanensa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kaduna tana da malamai, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna tana da injiniyoyi. Abin da ya rage shi ne ku saki ma'aikaci da wuri kwana biyu a mako, don wanda ya wuni yana loda siminti ba ya gane baƙi ƙarfe tara na dare. Na sha ganin biro yana suɓucewa daga hannun mai barci.

Akwai maganar da ba ta da daɗi, gara na faɗe ta. Motar ɗaga kaya guda tana cinye aikin 'yan dako da dama, su ma sun sani. Ku gaya musu gaskiya tun da wuri: aiki kaza zai tafi, aiki kaza zai zo, ga abin da ake bukata mutum ya iya kafin ya riƙe shi. Wanda ya ba ku shawarar da ta gyara sito, kada ya zama shi ne na farko da za a sallama. In hakan ta faru sau ɗaya, labari zai kai kasuwar Sabo kafin la'asar, kuma ba wanda zai ƙara nuna muku inda ruwa ke kwanciya.

Muna zama Litinin da Laraba bayan magariba. Benci ne, ba kujera mai juyawa, kuma wani lokaci da fitilar waya muke karatu. Ku turo manajan sito da taswirarsa. Dattijon nan ya ce yana da tambayoyi uku da bai yarda ya faɗa mini ba, sai mai na'urar ya zo da kansa.

Naku,
Malamin ajin manya,
Sabon Tasha, Kaduna.