Baƙon Yamai ba raɓa ba ne

Mutanen da sun ce baƙo raɓa ne, da hantsi ya dubi ludayi sai a neme shi a rasa. Wannan magana ta dace da zamanin fatake da ƴan cin rani, waɗanda kan sauka a zango, su sayar da hajarsu ko ƙarfinsu, su ɗaure kayansu kafin saukar ruwan farko. Amma wanda ya dubi Yamai a yau ya san karin maganar ta gaza. A 1926, lokacin da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi bakin kogin Isa, Yamai ƙaramin gari ne. A 1960 mutanensa wajen dubu 30 ne. Ƙidayar 1988 ta iske kusan dubu 400, ta 2012 kuwa ta iske fiye da miliyan ɗaya. Haihuwa kaɗai ba ta isa ta kawo wannan yawa ba. Baƙi ne suka zo, suka zauna, suka haifu.

Sunayen unguwanni ma shaida ne. Zongo masaukin fatake ce. Bukoki ta ci sunanta daga bukkokin da talakawa suka kafa a gefen gari. Lazare wuri ne da aka tsugunar da waɗanda farin 1973 da 1974 ya koro daga garuruwansu da makiyayarsu, yau ga ta unguwa cikin birni. Kwara Tegi kuwa, da Zabarmanci, sabon gari ke nan. Ashe raɓar da aka ce za ta bushe ita ce ta zama gari.

Abin da muke so mu jawo hankalin jama'a a kansa shi ne wannan: yawancin wahalar da sabon zuwa ke sha a birni tana fitowa ne daga zaman wucin gadi. Mutum ya zo ya zauna, amma zuciyarsa tana gaya masa gobe zai koma. Saboda haka ba ya neman takarda, ba ya neman sanin maƙwabci, ba ya tambayar inda ya dace a yi gini. Shekara goma ta wuce, ashirin ta wuce, ƴaƴansa sun girma a nan, shi kuwa har yanzu baƙo yake kiran kansa, kuma hukuma ba ta san da zamansa ba.

Mu fara duba yadda rayuwar yau da kullum ke sākewa. Manomin da ya baro ƙasar Maraɗi, ya yi tafiyar da ta haura kilomita 600, ko wanda ya baro Damagaram ya yi kusan 900, ya bar rumbu a bayansa. A gida mace kan ɗebo damin hatsi ta sussuke; a nan sai a auno tiya a kasuwa, da kuɗi a hannu. A gida ruwa na rijiya ne, itace na daji, ɗaki na gado. A nan in babu famfo a gidan sai a jira mai garuwa, itace ko gawayi ko gas duk na saye ne, mai gidan haya kuma yakan nemi kuɗin watanni tun kafin a shimfiɗa tabarma. Ko zuwa gaida mara lafiya sai an biya taksi ko faba-faba, domin garin ya yi faɗi, kogi ya raba shi biyu. Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ita kaɗai ce ta haɗa gaɓoɓin biyu har 2011 da aka sami ta biyu, sannan ta uku a 2021. Wanda bai lissafa waɗannan abubuwa ba tun daga gida, jikkunan da ya ƙulla a lalitarsa ba za su ga ƙarshen wata ba.

Kakanninmu sun san maganin wannan, shi ya sa suka kafa al'adar masauki. Baƙo ba ya shiga gari kai tsaye. Yana da maigidan da zai sauka wurinsa, wanda zai ba shi ɗaki da ruwan sha, ya nuna masa kasuwa da masallaci, ya gabatar da shi ga mai unguwa, ya tsaya masa in wata magana ta taso. Shi kuma baƙo ya san haƙƙin da ke kansa: ba ya kawo wa maigidansa abin kunya, ba ya kuma zame masa kaya har abada. Wannan al'ada ba ta mutu ba, amma ta raunana, domin ɗaki ya yi tsada, bakunan da ake ciyarwa sun yi yawa. Duk da haka muna cewa: kada mutum ya hau mota zuwa birni bai san ƙofar da zai yi sallama ba. Wanda aka sauka wurinsa kuma ya tuna ciyarwa rabin aikinsa ce. Sauran rabin shi ne ya buɗe wa baƙonsa ido, don baƙo makaho ne ko da idonsa biyu.

Abu na farko da za a buɗe masa ido a kai shi ne wurin zama. Sabon zuwa yakan nemi inda ya fi araha, kuma inda ya fi araha sau da yawa shi ne inda ƴan gari suka ƙi: bakin kogi, cikin kwari, gefen ƙoramar Gunti Yena da ta ratsa birnin. Da rani wurin kamar kowane fili yake, busasshe, ba abin da zai nuna maka haɗari. Sai watan Agusta da Satumba ruwa ya zo neman hanyarsa. An gani a 2010, an gani a 2012. A Satumban 2020 kogin ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali tun daga 620 ake shelar babban haɗari. Madatsa ta ɓalle a wajen Lamorde, ruwa ya shiga unguwannin Harobanda, dubban mutane suka kwana a ajujuwan lakkol. Gidan laka in ruwa ya kwana a gindinsa, ba ya tashi. Tambaya ɗaya ga tsohon da ya daɗe a unguwa, “ina ruwa ke tsayawa da damina?”, ta fi rangwamen da mai fili zai yi maka. Haka nan kada a biya kuɗin fili sai an je gidan magajin gari an tabbatar da takardarsa, domin an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kuma baƙo shi ne farkon wanda ake cuta. Araha ba ta ado.

Abu na biyu shi ne takardu. A ƙauye kowa ya san uban kowa, shaidar baki ta isa. A birni takarda ita ce mai shaida. Dokar da aka kafa a 2019 ta ba da kwana 60 don a bayyana haihuwa. In lokacin ya wuce, sai an bi ta hannun alƙali kafin yaro ya sami takardarsa. Uban da ya yi sakaci da wannan yana jin bai yi asarar komi ba, har ranar da ɗansa zai zauna jarrabawa a nemi takardar haihuwa a rasa. Haka katin shaida na ɗan ƙasa, haka takardar iyali, haka katin rigakafin yara da na awon ciki. Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, a nan ne ilminku zai yi rana. Ku karanta kafin ku sa hannu. In kun biya kuɗin haya ku karɓi takardar shaida, ku rubuta kwanan wata, ku adana. In maƙwabcinku bai iya karatu ba, ku karanta masa. Wannan ma sadaka ce.

Abu na uku shi ne harshe da maƙwabtaka. Bahaushe yana da sa'a, domin a Katako ko Wadata ko Babbar Kasuwa zai yi cinikinsa da Hausa ba tare da tafinta ba, kuma a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. To, amma wannan sa'a kan jawo lalaci. Akwai wanda ya shekara talatin a Yamai bai iya gaida maƙwabciyarsa tsohuwa da harshenta ba, alhali Gudel da Gamkalle da Saga suna nan tun kafin zuwan Bature, kuma da Zabarmanci ake magana a cikinsu. Koyon “fofo”, da “mate ni go”, da amsa “baani samay”, aikin yini ɗaya ne, amma ƙofar da yake buɗewa ba ta rufuwa. Muna kuma da wata dukiya, watau wasan taubasantaka, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2014. Bagobiri da Bazabarme, Babarbare da Bafillace, in sun haɗu sukan fara da tsokana su ƙare da cin tuwo a akushi ɗaya. Baƙon da ya san taubashinsa ya sami dangi tun ranar da ya sauka.

Zumunta a ƙafa take. Wanda yake so a zo masa suna, sai shi ma ya je sunan wasu. Wanda yake so a tsaya masa ranar rashi, sai a gan shi a wurin jana'iza. Mata sun riga maza gane wannan. Matar da aka ɗauko daga Tasawa ko Madawa aka ajiye a ɗakin haya, ba uwa ba ƙanwa, miji ya fita tun asuba, ita ce ta fi kowa jin zafin kaɗaici, kuma ba kasafai ake tambayar ta ba. Abin da ke ceto ta shi ne matan gidan, da adashi, da taron foyandi inda ake haɗuwa ana tara kuɗi ana taimakon juna. Mijin da ya hana ta wannan da sunan tsaro, ya sani ranar naƙuda ko zazzaɓin yaro da tsakar dare, maƙwabciyar da ya raba ta da ita ce zai buga wa ƙofa.

Yanzu mu juyo kan ma'aikatan gwamnati, domin su ma baƙi ne a koyaushe. Yau malamin lakkol yana Dogon Dutsi, baɗi an tura shi Tanut; likita ɗan Tilaberi yana iya wayar gari a Birnin Ƙonni ko Tawa. Wasu sukan ɗauki canjin wurin aiki kamar horo, su bar akwati a ɗaure, kullum suna rubuta takardar neman a maida su. Irin wannan ma'aikaci jikinsa ne kawai ke ofis. Bai san sarkin gari ba, bai san ranar kasuwa ba, bai san sunan abin da ke damun mutanen da aka aiko shi ya yi wa aiki ba. Wanda kuwa ya kwance kayansa, ya kai gaisuwa fada, ya koyi harshen wurin, ya sa ƴaƴansa a lakkol ɗaya da ƴaƴan gari, shi ne ake kuka ranar da zai tashi. Haɗin kan ƙasa da ake faɗa a jawabai, a irin wannan zama yake tabbata.

Kuma ku da ke zaune bayan tebur, ku tuna mutumin da ya tsaya a ƙofarku yana juya hula a hannu, mai yiwuwa jiya ya sauka daga mota. Bai san ofis na nawa ba, bai san takardar da ake fara kawowa ba. In kuka ce masa “dawo gobe” ba tare da bayani ba, kun ci masa kuɗin mota da aikin yini, kun kuma koya masa gudun hukuma. In kuka yi masa bayani da harshen da yake ji, kun sami mutumin da zai biya haraji da sanin dalili. Haka masu unguwanni: ya kamata su san wanda ya shigo da wanda ya fita, su riƙa faɗakar da sababbin zuwa tun kafin damina. Ya wajaba kuma hukumomin gari su riga jama'a isa fili, su yanka shi, su fitar da hanyoyi da magudanan ruwa, su keɓe wurin lakkol da asibiti. In aka bari sai mutane sun gama gini sannan aka zo da motar rusau, an yi hasara biyu: ta talaka da ta gwamnati.

Kada wani ya ce muna kiran jama'a su watsar da gonakinsu su kwararo birni. Birni ba ya noma abin da zai ci. Gero da wake da albasar da ke cika kasuwanninsa daga karkara suke zuwa, kuma saurayin da ya bar gona mai kyau ya zo yana kwana a tasha bai ci riba ba. Wanda ya zo cin rani, ya yi aikinsa ya koma kan lokacin shuka. Ba kuma muna cewa wanda ya zauna ya manta da asalinsa ba, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya riƙa aike, ya riƙa ziyara, ya kai ƴaƴansa su ga kakanninsu, su san bambancin gero da dawa. Amma in Allah ya sa abincinsa a nan yake, to ya zauna zaman mai gari: ya share ƙofar gidansa, ya kiyaye magudanar ruwan unguwarsa, ya halarci taron iyayen yara, ya san sunan wanda katangarsu take ɗaya.

Bana ma, da an gama girbi, motoci za su sauke ɗaruruwan mutane a tashoshin Yamai, kowa da tabarmarsa da ƙullinsa. Waɗansu za su koma, da yawa za su zauna. Ɗan garin da ya gan su ya tuna ubansa ko kakansa ta haka ya shigo, kuma wani ne ya ba shi ruwa ya nuna masa hanya. Allah shi ba baƙo masauki nagari, shi ba mai masauki haƙuri da wadata, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.