Kokowa daga dandali take tashi

A ƙasar Kurfai, idan kaka ta yi, aka yanke gero aka ɗaure dammuna aka kai rumbu, sai hankalin samari ya koma ga kokowa. Da, a garuruwan Abala da Sanam da Filinge, ranar farin wata makaɗi yakan fito dandali da gangarsa. Samari su ɗaura walki, su shiga fage suna kirari. Ƴammata suna tafi, dattawa suna gefe suna kallo. Wani lokaci samarin wani gari su zo baƙunci, a sauke su, a ba su fura da tuwo, da dare a kama. Wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe ƙasa, gobe a ci abinci tare da shi.

Kokowa tsohuwar al'ada ce, ba wanda ya san ranar da ta fara. Amma an san ranar da ta zama wasan ƙasa baki ɗaya. A shekarar 1975, zamanin shugaba Saini Kunce, aka shirya gasar kokowa ta farko ta dukan Nijar a birnin Tawa. Kowace jaha ta aiko da gwanayenta. Yakuba Kantu na Maradi ya kayar da kowa, aka miƙa masa takobi. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan birane. Sunayen irin su Salma Ɗan Rani na Doso suka shiga kowane gida ta rediyo, Sagalo yana yi masu waƙa. Aka gina manyan fagage, aka sa masu sunayen tsofaffin gwanaye: na Maradi yana da sunan Kantu, na Doso yana da sunan Salma. Da jahohi suka zama takwas, kowace tana kawo mutum goma, ƴan kokowa 80 ke nan a kan takobi ɗaya. Isaka Isaka na Doso ya ɗauke shi har sau shida, na shidan a Agadas a ƙarshen shekarar 2023.

Ba Nijar kaɗai ke da wasan da take ji nata ne ba. A Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol. Mutum tara ne a kowane gefe. Ɗaya ya jefa ƙwallo, abokin hamayya ya buga shi da kulki, ya ruga ya zagaya matsayi huɗu kafin a maido ƙwallon. Da farko wasan yara ne da na ma'aikata a filayen bayan gari. A 1845 wata ƙungiya ta birnin Niyok ta rubuta dokokinsa. A 1869 aka samu ƙungiyar farko a Sinsinati wadda dukan ƴan wasanta albashi ake biyansu. A 1903 aka fara babbar gasar ƙarshen shekara. Amma shekaru da yawa manyan ƙungiyoyi ba su yarda baƙar fata ya shiga cikinsu ba. Sai a 1947 wani baƙi mai suna Jaki Robinsan ya shiga ƙungiyar Buruklin. An zage shi, an yi masa barazana, ya daure, ya nuna gwaninta, ƙofa ta buɗe wa na bayansa.

Abu biyu ne abin lura a wannan labari. Na farko, fagen wasa wuri ne da mutanen da ba su saba zama tare ba suke koyon ganin girman juna. Na biyu, Amurkawa ba su bar wasansu a hannun manya kawai ba. Tun 1939 suka kafa gasar ƙananan yara, uba yana koya wa ɗansa jifa a bayan gida. Sun gane cewa gwanin babban fili daga ƙaramin fili yake fitowa.

To, a nan ne Abala take da abin dubawa. Dandalin dare ya yi sanyi a garuruwa da yawa. Tun 2012, da yaƙi ya tashi a arewacin Mali, ƴan gudun hijira suka sauka a Abala. A 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a yankin saboda hare-haren ƴan bindiga. Taron dare ya zama abin tsoro, zuwa baƙunci wani gari ya yi wuya. Ga kuma cin rani: da an gama kaka, samari sai su kama hanyar Najeriya ko Libiya ko wuraren haƙar zinariya. Yaran da suka rage sun san sunayen gwanayen ƙasa sarai, suna kallonsu a talabijin da wayar hannu, amma da yawansu ba su taɓa kama ƙugun ɗan'uwansu a kan rairayi ba. Kallo daban, kamu daban. Idan aka ci gaba haka, wata rana Kurfai za ta nemi wanda zai tsaya mata a fage ta rasa.

Saboda haka ya kamata makaranta ta buɗe wa kokowa ƙofa. Makaranta da rana ake yin ta, cikin gari, malam yana tsaye. Abin da dandalin dare ya kasa riƙewa, filin makaranta yana iya riƙe shi. Ba a bukatar ƙwallo ko takalmi ko raga daga Yamai. Rairayi kawai ake so, kuma Abala ba ta rasa shi ba.

Wasu iyaye za su ce: "An kai yaro makaranta don ya koyi karatu, ba don ya koyi kaye ba." Gaskiya ne karatu shi ne gaba. Amma akwai lokacin motsa jiki a tsarin makaranta, kuma ba wanda ya ce dole a cika shi da wasannin da aka kawo daga waje kaɗai. Wasu za su ce yara za su ji rauni, ko su ƙulla gaba. Yara dai suna kokowa ko an so ko ba a so ba, a bayan gari ko a wurin kiwo. Wadda ake yi a ɓoye ita ce take karya hannu, ita ce take zama faɗa. Wadda ake yi gaban alƙali tana da farko tana da ƙarshe. Wasu kuma za su kawo maganar layu da guraye da caca. Wannan ma damuwa ce ta gaskiya, amma maganinta doka: a filin makaranta ba laya, ba kuɗi, ba zagi.

Abin da ake bukata kaɗan ne. A keɓe yamma ɗaya a mako. A haɗa yaro da tsaransa a girma da nauyi. A share fili, a tsince duwatsu da ƙaya. A gayyato tsohon ɗan kokowa na gari ya nuna yadda ake kamu, da yadda ake faɗuwa ba a ji ciwo ba. Kafin a kama a gaisa, bayan kaye wanda ya yi nasara ya ɗaga ɗan'uwansa. Wanda ba ya son kokowa ga langa, ga tsere, ga wasannin ƴammata na gaɗa, kada a bar kowa a zaune.

Ribar ta wuce ƙarfin jiki. A ajin Abala akwai ɗan Bahaushe da ɗan Zabarma da ɗan Bafillace da ɗan Buzu, akwai kuma wanda iyayensa suka gudo daga wani gari. Yaron da ya kayar da abokinsa yau, abokin ya kayar da shi jibi, ya koyi abin da ƙasar nan take bukata ƙwarai: a gwada ƙarfi bisa doka, a karɓi hukunci, a tashi ba ƙiyayya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kantu da Salma ma a rairayin ƙauye suka fara faɗuwa kafin su riƙe takobi.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka yi gasar kokowa ta farko ta dukan Nijar? Wa ya ɗauki takobi?
2. Me Jaki Robinsan ya yi a 1947?
3. Waɗanne dalilai suka sa dandali ya yi sanyi a Abala?
4. Ku tambayi wani dattijo sunayen ƴan kokowar garinku na da, ku rubuta su.