Ba Shuni Kaɗai Ya Yi Shafshawan Ba

Tun da na dawo daga Maroko na nuna wa 'yan'uwa hotunan Shafshawan, tambaya ɗaya ake yi mini: ina kuma ake samun gari irin wannan? Ƙanwata ma cewa ta yi, "Yaya, ko dai a waya ka ƙara masa launi?" Ban ƙara komai ba. Haka garin yake, a kwance a gefen duwatsun Rif, bango da ƙofa da matakala duk shuɗi, kamar an tsoma unguwar gaba ɗaya a karofi.

Ali bin Rashid ne ya kafa shi a 1471 don ya tare 'yan Fotugal da ke kai hari arewacin ƙasar, daga baya kuma Musulmi da Yahudawan da aka koro daga Andalus suka cika shi. Amma abin da ya tsaya mini a rai ba tarihin ba ne. Wata safiya bayan sallar asuba, ina hawan wani lungu da ba zai ɗauki jaki biyu a jere ba, na tarar da wata dattijuwa da bokiti da burushi tana shafe dokin ƙofarta. Babu baƙo ko ɗaya a wurin, babu mai ɗaukar hoto. Ta gama, ta shafe ɗan gefen maƙwabciyarta da ya ɓanɓare, ta kwashe kayanta ta shige gida. Can sama a Ras al-Ma, inda ruwa ke ɓulɓulowa daga dutse, mata na ta wankin darduma suna hira.

Shi ya sa nake ganin masu neman "gari irin Shafshawan" suna kuskuren abin da suke nema. Fenti kowa na iya saye. Abin da kuɗi ba ya sayowa shi ne tsohon gari wanda masu shi ke ciki har yau, suna kula da bangonsu da hannunsu. Da wannan ma'auni nake ba da amsa.

Na farko Harar, a gabashin Habasha. Birni ne a kan tudu, da ganuwarsa da ake kira Jugol da ƙofofinta biyar na asali, da masallatai 82 a cikin ɗan wurin da za ka zagaye da ƙafa. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. Lungunansa kore ne da ruwan hoda da shuɗi, a cikin ɗakuna kuma an jera faifai da kwanuka da tasoshi a bango tun daga ƙasa har sama. Duk wanda ya taɓa ganin jeren ɗakin amarya a ƙasar Hausa zai ji kamar gidan gwaggonsa ya shiga. Da dare ana ciyar da kuraye a bakin ganuwa, baƙi kuwa can suke rugawa, amma ni jeren nan ya fi ɗaukar hankalina.

Na biyu Bo-Kaap, unguwar Musulmi a gangaren tsaunin Signal Hill a birnin Cape Town. Nan ne masallacin Auwal yake, na farko a Afirka ta Kudu, tun 1794. Malamin da ya tsaya masa, Tuan Guru, ya rubuta Alƙur'ani da ka yana tsare a tsibirin Robben, inda aka ɗaure Mandela daga baya. Sai dai kyan unguwar ya zame mata ƙaya. Masu kuɗi na saye gidaje, haraji na hawa, jikokin waɗanda suka gina ta na tashi. A 2018 sai da mazauna suka fito zanga-zanga. Wanda ya je can ya tuna gidan mutane ya zo, ya yi sallama kafin ya ɗaga waya.

Akwai su Guanajuato a Meziko da Balfaraiso a Chile, ga mai hali da juriyar doguwar tafiya.

Na ƙarshe kuwa ba ya bukatar jirgi. Unguwar Birni ce a Damagaram, inda gidajen ƙasa ke cuɗe da manyan duwatsu, gaban zauruka da zanen dagi da launuka, zankwaye a kan soraye, ga fadar sarki a tsakiya. Irin wannan zanen na nan a tsohon birnin Zariya da lungunan Kano na kusa da Dala. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke rushe su da hannunmu, mu dasa bulo da kwano, magina masu sanin makuba da azara kuma suna tsufa babu mai gadonsu.

Don haka ina roƙon duk wanda ya gaji soro mai zane a ɗaya daga garuruwan nan, kada ya kira mai rusau. Ya nemo magini ya yi masa yaɓe tun kafin damina ta sauka.