Linux ba laya ba ce: zare a kan masu gudun ofdet

1/ Zaren nan zai ɓata wa wasu rai, musamman 'yan uwana masu Linux. Ku yi haƙuri, amma sai na faɗa. Da yawanku kun ɗora Ubuntu ko Kali, kun saka Signal da Element, kuna yi wa masu Windows dariya, alhali rabonku da ofdet tun bara.

2/ Satin da ya wuce wani ƙanena ya kawo min laftof ɗinsa. Yana buɗewa ya fara cika baki: "Yaya, ni ai babu mai iya kutse a nan, komai nawa buɗaɗɗen lamba ne." Na duba. Ubuntu 18.04. Manhajar hirarsa kuma AppImage ce da ya sauke shekara biyu da suka wuce.

3/ Ubuntu 18.04 ta fita daga tallafin yau da kullum tun ƙarshen watan Mayun 2023. Da wannan injin yake hira da abokan kasuwancinsa, yana tura hoton katin shaida da lambar asusu. Na ce ya yi ofdet, ya ce data ta yi tsada. Haba malam.

4/ Bari in ba ku labarin da ya sa nake wannan faɗan. A watan Satumban 2023, masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto suka gano ana cusa wa iPhone manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta iMessage. Mai wayar bai danna komai ba. Saƙo ne kawai ya shigo ɗauke da hoto.

5/ Kwanaki kaɗan bayan nan Google ya toshe wata ɓaraka a Chrome, mai lamba CVE-2023-4863. Asalin matsalar tana cikin libwebp, wani ƙaramin ɗakin lambobi mai buɗe hotunan WebP. In aka ƙera hoto da mugunta, sai ya yi rubutu a wajen iyakar ma'ajiyar da aka ware masa.

6/ WebP kuwa kun san shi ko ba ku san sunansa ba. Yawancin sitikar da kuke jefa wa juna a guruf da shi aka yi su. Kuma libwebp buɗaɗɗiya ce, kowa na iya karanta lambobinta. Shekaru tana zaune a haka da ɓarakar a ciki.

7/ Toh ina amfanin buɗewar? Amfaninta shi ne da aka gano, an yi faci cikin sauri. Aka fitar da libwebp 1.3.2, Debian da Ubuntu da Fedora suka tura gyara. Mai faci ya gama aikinsa. Amma in ba ka kai masa tayar ba, har gobe iska na fita.

8/ Ga abin da yawancinmu ba ma tunani a kai: ranar da aka wallafa faci, ranar aka nuna wa kowa inda hudar take. Masu kutse ma suna karanta gyaran, su kwatanta tsohuwar lamba da sabuwa. Daga ranar, wanda bai yi ofdet ba ya fi jiya shiga haɗari.

9/ Wani zai ce "ni ina yin apt update kullum." Ɗan uwa, apt update jerin sunaye kawai yake saukewa, ba ya saka komai. Sai ka bi shi da apt upgrade. Wallahi na ga mutane da dama suna yin na farkon su rufe laftof da murmushi.

10/ Ko ka yi upgrade ɗin ma, da sauran rina a kaba. Signal Desktop da Element Desktop an gina su a kan Electron, kowanne yana ɗauke da nasa Chromium a ciki, da nasa kwafin libwebp. Gyara na tsarin bai taɓa su ba. Sai manhajar da kanta ta samu sabon fitowa.

11/ Shi ya sa hanyar da ka saka manhaja take da muhimmanci. Snap yana sabunta kansa. Flatpak ka duba shi da flatpak update. AppImage da fayil ɗin da aboki ya tura maka a filashi kuwa, galibi nan za su zauna har ka tuna da su.

12/ Masu ƙorafin Signal yana daina aiki in ya tsufa: da gangan ne. Kowane fitowa yana ƙarewa bayan kwana 90 don kada ka zauna a kan tsohon rami. Ni dai ina ganin gata aka yi muku.

13/ Masu Android kada ku ce ba ruwanku, shi ma a kan buɗaɗɗen lamba yake. A 2015 ɓarakar Stagefright ta nuna ana iya kama waya da saƙon MMS guda, kuma wayoyi kusan miliyan 950 abin ya shafa. Bayan nan Google ya fara fitar da faci duk wata. Shiga saitin wayarka ka duba kwanan watan facin tsaro na ƙarshe.

14/ Masu GBWhatsApp, ku naku ya fi muni. Wani da ba ku sani ba ya farke manhajar ya ɗinke, kuma sai ya ga dama gyaran tsaro zai iso gare ku. Duk don ku karanta saƙon da aka goge.

15/ Maganar tsadar data gaskiya ce, ban raina ta ba. Amma mai iya kallon bidiyo har asuba zai iya ware wa ofdet dare ɗaya. Kunna unattended-upgrades, facin tsaro ya riƙa shiga da kansa. In tsohuwar Ubuntu ce, ka haura sabuwar LTS, ko ka yi rajistar Ubuntu Pro, kyauta ce ga injina biyar na amfanin kai.

16/ Kuma ka tuna hirar ba taka ce kai kaɗai ba. In aka shiga injinka, an karanta saƙon mahaifiyarka da na duk 'yan guruf ɗinku, ɓoye saƙo daga baki zuwa baki bai hana komai ba tunda a allonka yake a buɗe.

17/ Ƙanen nawa mun kwashe fayilolinsa, mun ɗora masa 24.04, mun goge AppImage ɗin. Har yanzu yana mitar data. Kai ma je ka buga apt list --upgradable ka turo min adadin da ya fito, in kana da ƙarfin hali.